Ƙafafun Baba Istifanus

Ramin har ya kai ƙugu lokacin da Malam Rilwanu ya iso bayan cocin. Ya dubi rana, ya dubi ramin.

"Armiya'u, ku dakata. Ba haka za shi kwanta ba."

Armiya'u, mai ginan kaburburan unguwar, ya jingina da diga. "Kudu da arewa dai, Malam. Tun da nike, haka muka gina."

Gaskiyarsa, haka ake yi wa Musulmi. Sai dai mai wannan ramin Baba Istifanus ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda katanga ɗaya ta raba shi da Rilwanu a Kaura. Matarsa Saratu ta rasu da daɗewa. 'Ya'ya sun koma Kafanchan tun da 'yan bindiga suka matsa, cocin ma ya zama na ƙadangaru, amma tsohon nan da taurin kai ya ce ba inda za shi. Fasto ya bugo waya daga Shinkafi, ya ce hanya ba ta biyuwa.

Shekaranjiya Rilwanu yana ba Baba Istifanus kunu a cokali, tsohon ya kama hannunsa.

"A Littafinmu an nuna wa wani annabi kwari cike da busassun ƙasusuwa, suka harhaɗu suka miƙe. Mu ma in an busa ƙaho za mu tashi. Ka sa ƙafafuna gabas kamar na Saratu, in na miƙe in fuskanci Almasihu. Kada in tashi ina waige-waige ni kaɗai."

Rilwanu ya ce ya ɗauki alkawari. Yanzu a bakin ramin ya maimaita wa Armiya'u wasiyyar.

"Ƙasag ga dutse ce," in ji Armiya'u. "Kuma wa za shi sani?"

Rilwanu ya matso. Ya tuɓe riga, ya karɓi digar, da furfurarsa da ciwon bayansa. Kunya ta kama Armiya'u da sauran masu ginan. Suka sari ƙasa ta tsakiyar ramin farko, gabas da yamma. Da suka fito suna haki, Armiya'u ya leƙa ya ga ramukan biyu sun gitta juna kamar gicciyen coci, ya kawar da kai.

Suka sa shi, suka rufe. Sai aka yi cirko-cirko, don babu wanda ya san abin da ake faɗi. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale zuwa azahar.

Rilwanu ya tsuguna. Ya daddanna ƙasar wajen ƙafafun da tafin hannu.

"Suna gabas, maƙwabci."