Hannun Kyaftin a Kati Uku

Kulob ɗin golf ba ya barin kowa ya shiga gasa sai yana da handikaf, wato yawan bugun da ake yafe wa ɗan wasa gwargwadon rauninsa. Kafin a ba mutum, sai ya kawo kati uku na rami goma sha takwas, kowanne da sa hannun mutum biyu: nasa, da na tsohon mamba da ya bi shi fili ya rubuta bugunsa.

Safiyo ya yi shekara talatin da ɗaya yana awon filaye kafin ya yi ritaya. Golf bai taɓa burge shi ba. Ya fara ne saboda matar yayansa ta kira shi a waya wata Talata.

"Ƙanin miji, na samo maka aiki. Likita ya ce kada Yayanka ya daina zuwa fili, kuma kada ya sake tuƙi. Jiya ya tsaya a hanya yana tambayar mutane ina ne layinmu."

"Wa ya sani?"

"Ni da likita, sai kai yanzu. Ko yara ban gaya wa ba."

Yaya yana da shekara saba'in da huɗu. Sau biyu yana shugabantar 'yan wasan kulob, kuma har yanzu Kyaftin ake ce masa. In gardama ta tashi kan doka, wurinsa ake kawowa. A kulob ne kaɗai ya rage ana tambayarsa abu, a tsaya a ji amsa.

Wata huɗu Safiyo yana kai shi, shi ma yana koyon wasan. Ranar da suka fita don katin farko, Yaya ya soke fensir a bayan kunne, ya ce, "Auta, yau za mu ga abin da ka iya."

A rami na uku Safiyo ya jefa ƙwallo cikin yashi, ya yi bugu uku kafin ya fito.

"Nawa?" in ji Yaya.

"Takwas."

Yaya ya laluba fensir a aljihun riga, ya laluba na wando, sannan ya tuna kunne. Ya daɗe yana duban katin. Ya rubuta huɗu. A saman gurbin akwai huɗu da aka buga da injin, adadin da ake sa ran gwani zai yi a ramin. Ita ya kwafa.

Ya sake yin haka a rami na bakwai, da na goma, da na sha biyar. Safiyo yana lissafin nasa a ka, kamar yadda ya saba a wurin aiki. Ya yi ɗari da biyu. Kati ya ce tamanin da takwas.

A kan benci, bayan rami na ƙarshe, mutum biyar suna zaune suna cire takalma. Yaya ya sa hannu, ya miƙo katin yana ɗaga murya.

"Ku ga ƙanina. Wata huɗu kacal."

Safiyo ya karɓi fensir ya sa nasa hannun a ƙasa. Kati na biyu ya nuna casa'in, na uku tamanin da bakwai. Bayan mako guda aka liƙa takarda a allon sanarwa da ke baranda: an ba shi handikaf goma sha biyar. Bisa lissafinsa, ashirin da takwas ya kamata. Ya karanta, ya wuce ya wanke hannu.

Gasar wata ta faɗo ranar Asabar. Aka haɗa shi da wani dillalin motoci da ake kira Dogo, wanda zai riƙe katinsa. Yaya bai zo ba, ranar ganin likita ce.

Bugun Safiyo na farko ya tafi cikin itatuwa. Na biyu ya daki kututture ya dawo.

"Goma sha biyar, ko?" in ji Dogo. "Wataƙila jiki bai yi zafi ba."

A rami na shida Dogo ya ce, "Malam Safiyo, filin nan an riga an auna shi. Ba sai ka bi kowace kusurwa ba."

A na goma sha biyu ya daina tsokana. Yana tambaya, yana rubutawa, yana kallon wani wajen. Safiyo ya gama da ɗari da uku. Ya zo na arba'in da ɗaya cikin mutum arba'in da ɗaya.

Ranar Litinin Sakatare ya kira shi ofis. Ɗaki ne ƙarami, da fanka, da kabad ɗin kofuna, da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Katunan nan uku suna shimfiɗe a kan tebur, na Asabar a gefe.

"Kowa yana da ranar da hannu ke ƙi," in ji Sakatare. "Amma Dogo ya ce wanda ya gani bai taɓa yin tamanin da bakwai ba, ko a mafarki. Na duba. A kati ukun nan, rami goma sha uku ka yi su daidai da gwani. Ranar Asabar ko ɗaya ba ka yi ba."

Sakatare ya ɗora yatsa a kan katin farko.

"Abu biyu ne. Ko mai rubutu ya rubuta abin da ba a faɗa masa ba, ko mai wasa ya faɗi abin da bai yi ba. Kwamiti zai zauna Alhamis. Za mu kira Kyaftin, mu bi katin da shi rami-rami. Ba na so, shi ya kawo ni kulob ɗin nan. Amma shi ne ya rubuta mana wannan dokar."

Safiyo ya dubi katunan. Rubutun Yaya bai canza ba, tsaf, kamar na da. Ya san yadda Alhamis za ta kasance: mutum biyar a tebur, a tambayi Yaya rami na uku, ya laluba aljihu.

"Ba sai kun kira shi ba," ya ce. "Ni na faɗa masa lambobin. Yana can nesa, ba ya ganin bugun da na yi a yashi."

Sakatare ya cire tabarau. "Shekara tara ina kujerar nan. Masu ƙarya don a ƙara musu nake gani, su ci kofi. Kai ka yi don a rage maka?"

"Kunya na ji. Ƙanin Kyaftin da ashirin da takwas."

"A shekarunka."

"A shekaruna."

Sakatare ya jawo farar takarda ya tura masa da biro. Safiyo ya rubuta layi huɗu, ya sa hannu da kwanan wata.

Hukuncin ya fito Juma'a: an soke handikaf ɗin, an dakatar da shi daga gasa wata shida. Aka liƙa a allon baranda.

Ranar Asabar ya ɗauko Yaya kamar kullum. Yaya ya tsaya gaban allo, ya karanta da yatsa, ya koma farko ya sake karantawa. Mutanen da ke baranda suka sami abin dubawa a jakunkunansu.

"Auta. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Yaya."

"Ka dubi idona ka ce huɗu, alhali takwas ka yi."

"Haka ne."

"Da Baba yana raye." Bai ƙarasa ba. Ya juya wajen Sakatare, wanda ya fito bakin ƙofar ofis. "Ka cire sunana daga masu sa hannu. Tunda wanda muka sha nono ɗaya ya yi mini haka, ban ga wanda zan sake tsaya wa ba. Na gama."

"Yadda ka ce, Kyaftin," in ji Sakatare.

Dogo ya tashi ya ba Yaya kujera. Wani ya matso yana tambayarsa hukuncin ƙwallon da ta faɗa kan bututun ban ruwa, Yaya ya fara bayani. Safiyo ya koma mota ya sauke jakunkunan sanduna biyu, ya ɗaura kowacce a keken janta, ya tsaya a inuwa yana jira a gama.