Damin Aro

Gonar Mato ce, mijina, Allah ya jiƙan shi. Tana nan bakin gudron, titin kwaltan nan, fitar Madawa. Duk wanda ya ce ba ta Mato ba ce ya zo ya faɗa a gabana.

Idrisa, ɗan maƙwabcinmu, ya dawo daga ci-rani da wani mashin mai naɗe takardar goge hannu, ya roƙi kusurwa guda ya kafa rumfa. Aro na ba shi, gaban dattijai. Kowa ya san yadda ake aro a nan: duk kaka ka kawo wa mai gona damin hatsi a idon jama'a, don kada a manta ta wace ce.

Shekarun farko ya kawo. Da rumfa ta zama ɗaki, ɗaki ya zama izin, wato masana'anta, mai katanga da gardiye mai gadin ƙofa, sai ya fara aiko da kwalin takarda madadin dami. Me zan yi da shi, tuwo? Buta gare ni. Na ce wa direban da ya kawo shi ya mayar. Daga nan ba dami, ba kwali, katanga kuwa tana ta tafiya har ta cinye gawon da nake hutawa.

Bana jikata Fa'iza ta dawo da 'ya'yanta, babu inda za ta shuka. Na je wurin maigari. Ya ce wanda ya mayar da dami ya yafe gona. Na ce takarda ba dami ba ce. Ya ce in kawo shaida.

Cikin dattijan, Jima kaɗai ya rage, jikokinsa kuma duka a izin suke aiki. Ya ce ya tuna an zauna, amma kunnensa tun lokacin ba shi da kyau.

Na tare Idrisa a bakin ƙofa. Ya sauko daga mota har da durƙusawa.

"Inna, buhun shinkafa nawa kike so?"

"Dami guda nake so, ɗan nan. Kai ka ɗauko shi, ka bi ta kasuwa."

Ya ce zai duba. An yi girbi, an gama sussuka, dami bai zo ba. Ƙafafuna sun daina kai ni Madawa. Fa'iza ta samu aron wata 'yar fako wajen Azarori, duk duwatsu. Na ce mata ko zangarniya goma ta samu, ta ɗaure biyar ta kai wa mai wurin da rana tsaka.