Yadda Femke Ta Sauko Daga Dutsenmu

Cikin halayen ɗan Adam babu wanda ya fi ba ni haushi kamar mutum ya iya abu a garinsu, ya ɗauka ya gama iya shi a duk duniya, har ya toshe kunne idan 'yan gari suna magana. Shekara arba'in na yi ina gyaran hanyar dutsenmu, ina share dusar ƙanƙara, ina ɗaga waɗanda suka faɗi. Ban yi karatu mai nisa ba, amma na san abin da gangara ke yi wa mai irin wannan hali.

Da na ajiye aiki, ni da matata Ursina muka kama ɗan shagon da ke can ƙololuwa, muna sayar wa matafiya miyar sha'ir da burodi da cuku. Wata Talata cikin watan Yuli, da tsakar rana, wa da ƙanwa suka iso a kan kekuna, kowa da ƙatuwar jaka goye a baya. 'Yan Holan ne. Wan sunansa Wouter, dogo, mai yawan dariya. Ƙanwar, Femke, ta zauna ta sa miya a gaba ta kasa sha.

Ursina ce ta tambaye ta ko ba ta da lafiya. Sai ta ce bara ta faɗi a wata 'yar gangara ta karya ƙashin kafaɗa, tun daga nan duk inda hanya ta sunkuya sai ta sauka ta tura keken. Wouter ya gaji da jiranta, don haka suka yi alkawari: idan ba ta sauka wannan dutse a kan kekenta ba, za ta hau jirgin ƙasa a garin da ke gindinsa ta koma gida, shi ya wuce Italiya ya ga teku shi kaɗai. Ita kuwa tekun nan ne ya fito da ita daga gida.

Na ce su saurara. Lanƙwasa talatin da ɗaya ce tsakanin shagona da gadar gari. Su sauke jakunkuna daga baya su ɗaure a kariyar keke, nauyi ya koma ƙasa. Kada su riƙe birki ba saki, su matse shi da ƙarfi kafin lanƙwasa, sannan su sake shi. Bayan kowace lanƙwasa biyar su tsaya su taɓa ƙarfen taya, idan ya yi zafi su jira ya huce, don birki na gugar ƙarfen, ƙarfen na dafa robar ciki, sai ta fashe.

Wouter ya yi dariya ya ce, “Baba, a ƙasarmu kafin yaro ya iya share hancinsa ya iya keke.”

Na ce, “Ɗana, dutse nawa ne a ƙasar taku?”

Femke ta ce, “Akwai wata gada mai ɗan tudu a bayan gidanmu, da ita yake alfahari.”

Wouter ya ce, “Ke yi shiru, sarauniyar tura keke. Zan ajiye miki kujera a tashar jirgi.”

Ya ƙara ɗaure jakarsa a baya, ya hau ya tafi. Femke kuwa ta yi duk abin da na faɗa. Ursina ta cusa mata tsohuwar jarida a cikin riga don iskar gangara kada ta daki ƙirjinta. Ta daɗe tsaye a bakin hanya, ƙafa ɗaya a ƙasa, kafin ta ɗaga ƙafar.

Dama ranar nake kai cuku gari, sai na bi bayanta a mota a hankali. Lanƙwasar farko ta sha ta kamar mai tafiya a kan ƙwai. A ta biyar ta tsaya ta taɓa ƙarfe, ta janye yatsa da sauri, ta zauna jira. Zuwa ta goma sha biyar na ga kafaɗunta sun sauko.

A ta goma sha tara muka tarar da Wouter zaune cikin magudanar ruwa, bakinsa duk jini. Tun daga sama yake riƙe da birki, tayar gaba ta fashe a tsakiyar lanƙwasa, jakar ta rinjaye shi ta kan kafaɗa. Na duba shi, ba karaya. Na ɗora shi a bayan mota, shi da keken.

Femke ta tsaya tana kallon jinin da ke kan kwalta, fuskarta ta yi fari fat. Na ce mata akwai wuri a gaba, ta shigo, ba wanda zai ga laifinta. Wouter ma ya ce ta shigo, an fasa alkawarin.

Ta ce, “Yaya, ban ce a fasa ba. Baba, lanƙwasa nawa ta rage?”

Na ce goma sha biyu.

Ta taɓa ƙarfen tayarta, ta hau. Na bi ta. A kan idona yarinyar nan ta koyi kwantar da keke a lanƙwasa, tana matsa birki tana saki kamar a nan aka haife ta. Da hanya ta miƙe kusa da gonakin ciyawa sai ta saki birkin gaba ɗaya, iska na kaɗa rigarta, ina jin ihunta har cikin mota. Ta haye gada ta ɗaga hannu sama. Masu yankan ciyawa suka ɗaga mata huluna. Ni da ba na son hayaniya, sai da na danna oda sau uku.

Bayan kwana huɗu suka wuce Italiya, ita ce a gaba. Shi kuwa Wouter, ga abin da ya bari a dutsenmu: tayar gaba ɗaya, haƙori ɗaya da rabi, fatar gwiwa da ta gwiwar hannu, hular kwano da ta rabe biyu, da kwana huɗu yana shan miya da gefen baki. Gangarar da ya yi sati uku yana hawa domin ta kuma, kusan rabinta a bayan motata ya yi, zaune tsakanin ƙullin cuku.