Ni Ne, Yanzu Zan Taho

Tokiko ta sake ɗaga kan wayar ta kara a kunne. Shiru. Ko ɗan kukan nan da layi kan yi babu. Ta ɗan bubbuga ta kamar yadda ake yi wa rediyo mai gardama, ta ƙara saurarawa, sannan ta juya wajen ma'aikacin kamfanin waya da ke durƙushe a gindin bango, igiyoyi zube a gabansa.

"Malam Nagase, wayar nan fa ta mutu."

"Ba mutuwa ta yi ba, Mama. Tsohon layin ne aka rufe daga ofis. Da na gama haɗa wannan akwatin na intanet, su kuma suka buɗe sabon layi, shi ke nan."

"Yaushe ke nan?"

"Kafin yamma dai."

"Wace yammar? Kafin kiɗa ko bayan kiɗa?"

Nagase ya ɗago ya dube ta. Kowa a garin ya san kiɗan da lasifikar hukuma ke sakawa kullum da yamma don yara su koma gida, amma bai taɓa jin wanda ya ɗaura aikin waya a kansa ba. Ya yi 'yar dariya ya ce zai yi ƙoƙari. Ƙoƙari! Mutumin da aka ce zai zo da safe, sai da rana ta karkata ya iso yana ta sunkuyar da kai yana ba da haƙuri, wai gidan da ya fara zuwa ne ya riƙe shi.

Duk wannan aikin ɗanta Tetsuo ne. Daga can birnin Nagoya inda yake zaune ya shirya komai, ya ce tsofaffin layuka sun kusa zama tarihi, gara a koma wayar intanet tun da wuri. Abu ɗaya Tokiko ta dage a kai, kada lambar gidan ta canza. Ta tambayi Tetsuo, ta tambayi yarinyar kamfani, duk suka rantse mata lamba tana nan daram. Babu wanda ya ga ya dace ya gaya mata cewa tsakanin mutuwar tsohon layi da tashin sabo akwai lokacin da gidan zai zama kurma.

Ta ji motsi a bene. Mijinta Masaji Kuroda ne ke saukowa, sanye da tsohuwar kwat ɗinsa mai ruwan toka, jakar ofis a hannu, gashi a taje tsaf. Ya daɗe da barin aiki, amma ciwon mantuwa ya mayar da shi can baya. Kullum da la'asar sai ya shirya ya tafi tashar jirgin ƙasa, ya zauna a benci yana kallon masu wucewa. Da kiɗan yamma ya tashi, sai ya nufi koriyar wayar jama'a da ke jikin bangon tasha, ya kira gida kamar yadda ya saba tun yana magidanci, ya ce, "Ni ne. Yanzu zan taho." Ita kuma ta gaya masa hanya, ya biyo ta har ƙofa.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, fuskarta ya manta. A gida yana ɗaukar ta wata tsohuwa ce da aka ɗauko aiki. A waya kaɗai ya san matarsa.

"Inna," ya ce mata yana sa takalmi, "idan matata ta dawo ki ce mata na tafi ofis."

"Ka zauna ka sha shayi mana. Ga wainar shinkafa mai wake, irin wadda kake so."

"Na makara."

"Yau ai hutu ne, ba a zuwa ofis."

Ya tsaya cak, ya zuba mata idon nan da ta sani, wanda daga shi sai faɗa da jifa da kaya. "Ke za ki gaya min ranar aikina? Ki tsaya a kan sharar da aka ɗauke ki."

Ta matsa ta ba shi hanya. Ya ɗan rusuna wa Nagase, ya ja ƙofa ya fita. Tokiko ta tsaya tana jin takunsa har ya ɓace, sannan ta lalubo wayar hannun da Tetsuo ya saya mata, wadda Masaji bai ma san da zamanta ba, ta kira ɗan nata.

"Mama, ina cikin taro," in ji Tetsuo da murya ƙasa-ƙasa. "Lafiya?"

"Ina fa lafiya! Layi a mace, babanka ya fita."

"Haba Mama, ɗan lokaci ne fa. Idan ya kira bai samu ba ai sai ya taho."

"Sai ya taho? Bara da na makara a asibiti ya kira ba a ɗauka ba, tahowa ya yi? Ba jirgi ya hau ba, wai na yi fushi na koma gidanmu zai je ya dawo da ni? Gidan da aka rushe tun kana makaranta! Ka manta a bakin teku 'yan sanda suka tsince shi washegari, ƙafa ba takalmi, ƙirji ya cika da sanyi?"

Tetsuo ya ce, "To ki je ki taho da shi mana."

"Ni wa? Ya san ni ne?"

"Mama, zan kira ki, ana jira na."

Ta ajiye wayar a kan tebur da ƙarfin da ya sa Nagase ya waigo. Duk ya ji, kuma dariyar ɗazu ta bar fuskarsa. Ya gama ɗaura igiyoyin, ya jona akwatin da wuta. Ƙananan fitilu suka kama, uku kore, ɗaya tana ta ƙyaftawa ruwan lemo.

"Waccan muke jira," ya ce. "Da ta koma kore, waya ta tashi."

"To ka mayar da ita kore mana."

"Ba a hannuna take ba, Mama. Daga ofis ake buɗewa."

"Ka mayar min da tsohon layina, na yafe sabon."

"Shi ma ba zai yiwu ba, an riga an sauke shi."

"A juyo kiran zuwa wannan ta hannu fa?"

"Sai layi ya tashi ake iya juyawa."

Oh ni Tokiko! Komai sai ofis, ofis ɗin da ba a ganin kowa sai murya. Nagase ya kira su, aka sa masa kiɗa ya yi ta jira, gumi na tsattsafo masa a goshi ko da yake garin ba zafi. Da aka ɗauka ya yi bayani, ya sunkuyar da kai kamar suna ganinsa, ya ce akwai mara lafiya a gidan. Aka ce masa aikin yana kan layi, akwai na gabansa.

Tokiko ta shiga kicin ta ɗora shinkafa, ta fito ta duba fitila. Ta koma ta yanka kabewa, ta sake fitowa. Ruwan lemo dai, tana ƙyaftawa kamar da gayya. Ta leƙa taga, inuwar gidan maƙwabta ta riga ta haye titi. Tsoro ya kama ta sosai. Jirgin da ke zuwa garin iyayenta yana tsayawa jim kaɗan bayan kiɗa, kuma Masaji bai manta wannan ba.

"Ka kula min da tukunya," ta ce wa Nagase, ta fice.

Sai da ta haye gada ta lura da silifas ɗin cikin gida ta fito, ga rigar girki a jikinta. Ita da ko shara ba ta fita zubarwa sai ta gyara gashi! Ba ta koma ba. Gwiwarta ta hagu tana sukar ta, tana jan ta haka nan. Tana daidai shagon mai tofu, wato awara, kiɗan ya tashi daga lasifika, a hankali, mai daɗi, kamar babu abin da ke faruwa a duniya. Mai tofu ya ɗaga hannu zai gaishe ta, ta wuce shi kamar ba ta gani ba.

Tun daga nesa ta hango kwat ɗin mai ruwan toka. Yana tsaye gaban wayar, ya kife kanta, katin kiran da ya saka a ciki ya fito yana ƙara, ya sake tura shi, ya sake danna lambobi. Yatsansa bai yi kuskure ko ɗaya ba. Mutumin da ba ya tuna ko ya ci abincin rana, ga shi yana zuba lambar gidansu kamar ruwa. Ya saurara, ya kife, ya ɗauki jakarsa ya juya yana duban ƙofar shiga jirgi.

Ta sha gabansa tana haki. "Baban Tetsuo, zo mu je gida."

Ya ja da baya. "Ke kuma me ya kawo ki nan? Wa kika bar wa gidan?"

"Abinci ya nuna, zo mu tafi."

"Matata ba ta ɗauka ba." Muryarsa ta karye. "Ta tafi gidansu. Na sani, ni na ɓata mata. Ba ni hanya, jirgi zai zo."

Daga can nesa aka fara jin ƙararrawar shingen hanya, alamar jirgi ya kusa. 'Yan mata 'yan makaranta da ke tsaye gefe sun daina hira, suna satar kallon tsohuwa mai silifas. Tokiko ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Idan ta riƙe hannunsa zai ture ta, ta sani, ya taɓa yi.

"Ƙila tana bayan gida tana kwashe shanya," ta ce. "Ka ƙara gwadawa, sau ɗaya tak."

Ya dube ta, ya dubi ƙofar jirgi. "Shanya?"

"Ai ka san ta, ba ta jin waya idan tana baya."

"Haka ne," ya ce a hankali. "Na sha gaya mata."

Ya ajiye jakar, ya tura katin, ya danna lambobin, ya kara kan wayar a kunnensa na hagu. Kullum a nan yake karawa, kunnen da ya daɗe da yin nauyi, ba ya jin komai da shi sosai. Tokiko ta zagaya ta tsaya a bayan kafaɗarsa ta dama, inda ba zai gan ta ba. Ta haɗiye hakinta. Tana da wata murya da ta ajiye don waya kawai, siririya, sama-sama, mai ladabi, irin ta matan zamaninta. Tetsuo yana yaro yakan kwaikwaye ta har ta bi shi da ludayi. Ba ta taɓa yin ta a gaban mutane ba tare da waya a hannu ba.

"Alo, gidan Kuroda ne."

Kafaɗun Masaji suka sauka gaba ɗaya.

"Ni ne," ya ce. "Yanzu zan taho."

"Sannu da aiki. Ka biyo ta gaban mai tofu, ka haye gada, gida na biyu. Ƙofa a buɗe take."

Nan yakan ce to, ya kife. Yau bai kife ba. Jirgin ya shigo tasha da ƙugi, ƙofofi suka buɗe, shi kuwa ya ƙara matse kan wayar a kunne.

"Tokiko, ina kika shiga? Na yi ta kira. Na zaci kin tafi kin bar ni."

Ta toshe bakinta da hannu, ta jira har muryar ta dawo daidai.

"Ina zan je? Ina nan."

"Kullum na dawo ba na samun ki, sai wannan tsohuwar."

"Tana kula da kai dai ko?"

"Ba laifi. Surutu ne da ita, amma ta iya miya."

"To ka riƙa yi mata haƙuri. Taho, kada abinci ya huce."

Ya kife wayar, ya zare katinsa ya sa a aljihu. Jirgin ya rufe ƙofofinsa ya ja. Da ya juyo ya gan ta, sai ya ɗaure fuska.

"Af, har yanzu kina nan? To ɗauko min jakar."

Ta ɗauka ta bi shi. Ya wuce gaban mai tofu, ya haye gada, yana tafe kai a sama kamar mai dawowa daga aiki, ita tana ɗingishi a baya. Ɗaya daga cikin silifas ɗin ya tsinke a kan gadar, ta cire ta riƙe a hannu.

Suna buɗe ƙofa suka ji wayar gida tana ƙara. Nagase ne ke gwada ta da tasa. Ya taso da sauri, cokalin miya a hannu guda, fuska cike da murna.

"Mama, ta koma kore! Yanzun nan ta..."

Masaji ya katse shi. Ya dubi rigar kamfanin, ya dubi igiyoyin da ke ƙasa, ya gyaɗa kai irin na manya.

"Kai ne mai gyaran waya? Aikinka ya yi kyau, samari. Shekara da shekaru ina kiran gidan nan, ban taɓa jin layi ya fita raɗau kamar yau ba. Sai ka ce a bayana take tsaye."

Nagase ya sauke cokalin. Ya dubi Tokiko, tana tsaye a bayan mijinta, jaka a hannu guda, tsinkakken silifas a ɗayan, ba ta gama haki ba. Ta ɗan girgiza masa kai.

"Na gode, Baba," in ji Nagase, ya rusuna.

"Inna," Masaji ya ce yana cire takalmi, ko waiwayowa bai yi ba, "matata fa?"

"Yanzu za ta taho," in ji Tokiko.