Neman Turancin Tsokanar Jika

Jiya da dare wani mafarki ya ɗauke ni ya kai ni wani gari, kuma har yanzu da nake ba da labarin ban gama dawowa ba.

Bari in fara da abin da na kwanta da shi a rai. Jikana zai zo ranar Asabar. Ɗan Sagiru ne, ɗana da ke aikin asibiti a Ingila. A can aka haifi yaron, shekarunsa goma sha uku, bai taɓa taka Malumfashi ba, kuma ko zo in kashe ka ba ya ji da Hausa. Sunan marigayi mijina aka sa masa, don haka bakina ba ya iya kiran sunan, Maigida nake ce masa. Jikokina na nan gida goma sha ɗaya ne, babu wanda ya tsira daga bakina. Mai ƙaton kai in faɗa masa, mai hanci a baje in faɗa masa, su ma su rama, a yi dariya a tashi. Shi kuwa Maigida in an haɗa mu a waya, daga gaisuwa sai ya miƙa wa ubansa wayar. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Shi ya sa wata biyar ke nan ina zuwa wurin maƙwabciyata Malama Hassu, mai koyar da Turanci a sakandare, ina haddace kalmomi ɗaya bayan ɗaya, har na tara ɗari huɗu da 'yan kai. Burina guda ne, in tsokani yaron nan ya ji, ya rama.

To, sai na gan ni a tasha da rana tsaka, da kwando a kaina. Kalmomina ne a ciki, sun zama 'yan tsaki suna ta kuka. Ban yi mamaki ba. Na shiga mota, direba ya kashe inji, muka zauna jigum, garin ya taho da kansa ya same mu.

A bakin garin akwai ofis. Akuya ce a bayan tebur, da tabarau, tana tauna takardar mutumin da ya riga ni.

"Hajiya, me aka kawo mana?" in ji ta.

"Turanci ne, ranki ya daɗe. Nawa ne, ni na yi kiwonsa."

Ta leƙa kwandon, ta girgiza gemu.

"Duk gwauraye ne. Ina abokan tafiyarsu?"

"Ɗaya-ɗaya aka ba ni su."

"A garin nan kalma ba ta fita ita kaɗai. Kowacce da wadda ta saba yawo da ita. Ruwan sama a nan ba ya ƙarfi, nauyi yake yi. Shayi ne mai ƙarfi. In kika ba shayi nauyi, kowa zai gane ke baƙuwa ce."

"Me ya sa?"

"Haka suka saba."

"To wa ya haɗa su?"

"Ba a yin wannan tambayar sai bayan azahar."

Na dubi agogon bango, na ga da baya yake tafiya, azahar sai ƙara nisa take yi. Akuyar ta buga mini hatimi a goshi ta ce in wuce.

A titi na tarar da mutane suna ta gudu da ragar kamun kifi. Na tare wani dattijo na tambaye shi abin da suke bi, ya ce mura. Na ce a garinmu mura ce ke kama mutum. Ya ce a nan mutum ne ke kama ta, kuma in ban ba shi hanya ba zan sa tasa ta tsere.

Sai ga ni a rumfar tela. Ban san lokacin da na shiga ba. Telan zakara ne, yana taka keken da ƙafa ɗaya, ga ƙananan jeloli rataye a igiya a bayansa.

"Zaro mini masu aiki a cikinsu," in ji shi. "Ba sa amfani ba jela."

Na zaro kalmar bayarwa, wadda na fi so, don ita na fara haddacewa. Ya ɗinka mata wata 'yar jela da ya ce sunanta sama. Nan take ta zube a ƙasa, ta ce ita ta gaji, ta sallama, ba za ta ƙara ba.

"Me ka yi mata?"

"Jela na sa mata. Yanzu ba bayarwa ba ce, saduda ce."

"To cire mata, don Allah."

Ya cire, ya sa mata wata. Ta miƙe zumbur ta shiga tona asirin maƙwabtana ɗaya bayan ɗaya, har da na Malama Hassu. Kafin in rufe mata baki ya ɗauki kalmar dubawa ya maƙala mata jelar baya, ita kuwa ta je ta karɓi jaririn wata mata ta goya, ta ce reno ne aikinta yanzu.

"Jelolin nan guda nawa ne?" na tambaye shi.

"Ba su da yawa."

"To da sauƙi."

"Sai dai kowace kalma tana iya ɗaukar kowacce. Wasu ma bibbiyu suke sawa."

Na kira kalmar bayarwa da sunanta, ko waiwayowa ba ta yi ba. Na ji haushi sosai, wata biyar ina watsa mata tsaba.

Daga nan kuma kasuwa. Ruwan sama ake yi, amma daga ƙasa yake tashi yana hawa, mutane sun juya lemominsu suna riƙe da su a wajen gwiwa. Zanina ya jiƙe sharkaf, ɗankwalina a bushe. Na shiga layin masu tukwane. Duk tukwanen a rufe suke, an liƙe bakinsu da laka, an yi rubutu a jiki. Mai sayarwar ta yi kama da ƙanwar mahaifiyata da ta rasu. Na gaishe ta da Gwaggo, ta ce ba ita ba ce, ranar Talata kawai take zama ita.

"Waɗannan dunƙulallun maganganu ne," in ji ta. "Ba a fasawa, ba a ragewa. Yadda suke haka ake haɗiye su."

Na karanta jikin wata tukunya, an rubuta yankin kek. Na ce ta ba ni wannan in kai wa jikana tsaraba.

"Babu kek a ciki, Hajiya. Sauƙi ne a ciki."

"Wannan fa da aka rubuta shuɗin wata?"

"Abin da ba a cika yi ba ne."

"To a ina ake rubuta gaskiyar abin da ke ciki?"

"A cikin wata tukunyar."

Kaina ya fara zafi. Na sauke kwando na ce mata ni fa ba yawon buɗe ido na zo ba, Turancin tsokana nake nema, jika gare ni. Kasuwar ta yi tsit, har ruwan ya tsaya a tsakiyar hanya yana saurare. Matar ta nuna mini wani lungu da haɓa, ta ce in gwada layin samari.

A can ana soya kalmomi ne a kasko, irin waɗanda yara ke jefa wa junansu. Mai suyar ƙadangare ne da hular sanyi. Ya kwaso mini guda ɗaya daga cikin mai, da zafinta, tana ta tsalle a tafin hannuna. Kafin in juya ta yi furfura, ta ce a miƙo mata sanda.

"Ta tsufa," in ji ƙadangaren.

"Yanzu fa ka soya ta."

"Yanzu ai tun ɗazu ne. Kuma in gaya miki gaskiya, Hajiya, ko sabuwa fil ce, in ta shiga bakin tsohuwa mutuwa take yi. Jikanki kunya zai ji."

Na so in gaya masa magana, amma na tuna a garinsu nake.

Sai na gan ni a gaban akuyar nan kuma. Teburin bai canja ba, allon ƙofa ne kawai ya koma Sashen Kakanni. Ta jawo aljihun tebur ta fito da wani ɗan ƙunshi mara nauyi.

"Ga rabon kaka a garin nan. Maganganu uku ne, kowacce da abokan tafiyarta, ba jela, ba tukunya. Ina ƙaunarka. Ina alfahari da kai. Na yi kewarka."

"Haba, ranki ya daɗe. In na faɗa wa jika haka ai sai a ɗauka wasiyya nake bari. Mu ba haka muke yi ba."

"Yaya kuke yi?"

"Cewa muke yi miji ba gemu, kunnuwa kamar faifai."

"Zagi ke nan."

"Ba zagi ba ne. So ne a ciki."

"To me ya sa kuka rubuta zagi a jikin tukunyar?"

Na karɓi ƙunshin. Ta ce in sa hannu, na sa, ta cinye takardar.

Kawai sai ga ni a tsakar gidana. Komai yana inda na bar shi, sai dai bishiyar darbejiya ce ta tsaya da ka, saiwoyinta a sama. Maigida yana zaune a kan tabarmata da hula a kansa. Dogo ne siriri, goshin kakansa sak. Ban taɓa ganinsa ba sai a gilashin waya.

Na sauke kwando. Kalmomina suka fito, kowacce sanye da kwat, suka yi layi, suka yi masa jawabin maraba irin wanda ake yi wa baƙon gwamnati. Yaron ya miƙe tsaye ya saurara da ladabi har suka gama. Na kwance ƙunshin akuya na karanta masa maganganun nan uku. Na faɗe su daidai, ko tuntuɓe ban yi ba, da Malama Hassu na wurin da ta tafa mini. Ya ce ya gode ƙwarai da gaske. Sannan ya tambaye ni ko akwai inda zai sa cajin waya.

Ladabin nan ya yi mini ciwo fiye da rashin kunya. Haka ake yi wa matar da aka haɗu da ita a layin asibiti. Na ji hawaye sun zubo mini, sai dai sama suka nufa, suka bi ta goshi suka shige cikin ɗankwali.

Daga nan raina ya ɓaci. Na ture kwandon da ƙafa, na taka na isa gabansa, na fizge hular daga kansa, na yi masa da Hausa.

"Kai, ku dube shi. Wai wannan ne mijin da aka ɓoye mini a Ingila shekara goma sha uku? Wuya kamar na zalɓe, ba gemu, ba ko tsarabar alawa. Ni na fasa, a mayar musu da abinsu."

Ban fassara ba. Kalmomina masu kwat suka toshe kunnuwa. Akuyar ta leƙo ta kan katanga tana cewa maganar nan ba ta da hatimi, ban kula ta ba.

Yaron ya tsaya yana kallona. Na san ko kalma ɗaya bai ji ba. Ya dubi hularsa a hannuna, ya dubi fuskata, sai na ga gefen bakinsa ya motsa, irin motsin da bakin jika ke yi in ya samo abin ramawa. Idonsa ya sauka a kan giɓin da ke bakina, inda haƙora biyu suka yi mini sallama bara. Ya ɗaga yatsa ya nuna wurin. Ya riƙe dariya, ya ja numfashi, ya buɗe baki. Na matsa kusa da shi, na janye ɗankwali daga kunnena.

Abin da ya fito daga bakinsa ƙarar inji ce.

Na buɗe ido. Injin markaɗen maƙwabcina Lado ne a bayan katangata, gari ya waye, masu ƙosai sun kawo wake. Na ja mayafi na rufe kaina, na runtse ido da ƙarfi ko zan koma in ji ko da kalma ɗaya ce, amma injin bai bari ba. Na tashi na zauna a bakin gado, harshena yana taɓa giɓin. Saura kwana biyu jirginsa ya sauka, kuma ban san da wane harshe yaron nan ya yi niyyar rama mini ba.