Musayar Ganga

Shekara goma sha biyu Guduma yana yi wa wata mawaƙiya kiɗa. Hannunsa ne ya jawo masa sunan, don in ya sauke gula a kan fatar ganga, na tsallaken titi ma sai ya waiwayo. Amma ranar da suka shiga situdiyo ɗaukar sababbin waƙoƙinta, Injiniya mai ɗaukar sauti sai yamutsa fuska yake a bayan gilashi.

"Malam Guduma, a ɗan sassauta. Sautin yana fashewa."

Ya sassauta, wai. Daga nan aka ce ƙaninsa Auta ya gwada. Auta fa, wanda Guduma ya koya wa riƙon gula tun yana yawo da majina! Yana taɓa gangarsa Injiniya ya lumshe ido, mawaƙiya ta hau gyaɗa kai. Ta ce makaɗi ɗaya za ta ɗauka, in an dawo daga cin abincin rana kowa ya sake yi a zaɓa.

Kishi ya turnuƙe Guduma har abincin ya fita daga ransa. Ya ce a ransa ba wani hannu, gangar ce, ai watan jiya Auta ya sa mata sabuwar fata. Gangunan kuwa mahaifinsu ne ya sassaƙa su daga itace ɗaya, maratayi kaɗai ke bambanta su. Da ɗakin ya watse, ya kwance maratayan ya musanya, ya zauna yana fifita da hula kamar ba shi ba.

Aka dawo, kowa ya kaɗa nasa shi kaɗai. Guduma ya zage ƙarfinsa har gumi na ɗiga a gemu.

Injiniya ya tara su gaban sifika. "Zan kunna biyun, ba zan faɗi na wane ba. Malam Guduma, kai ne babba, kai za ka zaɓa."

Na farko ya fito ɗif, ɗif, a shaƙe. Na biyu ya fito zagaye, kowane bugu da wutsiyarsa. Guduma ya yi dariya, ya san aikin sabuwar fata in ya ji.

"Na biyu mana. Na farkon ai katifa ake duka. Ko kyauta kar ki sa shi a waƙarki."

"Na biyun na Auta ne," in ji Injiniya. "Kai in ka buga, danne gular kake a kan fata. A fili ƙarfi yana rufa maka asiri, amma makirfo yana nan dab da fatar, shaƙewar yake ji."

Auta bai ɗago kai ba. "Da gangarka ma na kaɗa, Yaya. Tun bugun farko na gane, ta fi tawa murya. Kai ka ce min in na buga in ɗauke hannu, in bar fata ta gama maganarta. Ka manta?"

Bai manta ba. Mawaƙiya ta ce a bar gangunan yadda suke, a fara ɗauka da Auta.

Guduma ya fita baranda yana neman takalmansa. Ƙofar Injiniya a buɗe take, sai ya ji gangarsa ta tashi a sifika, da wata murya da rabonsa da jin ta tun mahaifinsu na da rai.