Zanin Zumunta a Juye

Saura kwana tara bikina Mama ta dawo daga kasuwa ba ta sayo ko gishiri ba. Ta ajiye kwandon a bakin ƙofa, ta wuce ɗakin Tobiya, ta tattara kayansa cikin jaka, ta fito da ita ta dire a tsakar gida. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa gabana ya faɗi. Mamanmu Cecilia idan tana faɗa da ƙarfi, to abin mai sauƙi ne.

"Mama, lafiya?"

"Ki tambayi ƙaninki. Shi ne mai ba mutanen Jalingo labari."

Tobiya ƙanena ne, shekararsa ashirin da biyu a lokacin, wato 1997. Ya gama sakandare, aiki ya ƙi samuwa, sai ya maƙale a shagon kaset na abokinsa Jibrilla a unguwar Nukkai. A can ya haɗu da waƙar nan ta samarin Amurka da ake kira rap, wadda ba a rerawa, sai dai mutum ya yi ta zuba magana a kan kiɗa kamar mai rigima da kwandasta. Turancin nasu ba ya kama ko rabi, amma ya ce yana jin zafin da ke ciki. Daga nan ya fara yin tasa da Hausa. Rikoda biyu suke jerawa, ɗaya na kunna kiɗa ɗaya na ɗauka, su rufe shago da rana tsaka su yi ta zufa. Ni dai kallon marasa aikin yi nake musu, har sai da kaset ɗin ya shiga hannun 'yan acaɓa, daga nan ya kai bakin kasuwa.

A can Mama ta ji shi. Mai tura kaset a baro ne ya kunna, tana tsaye da mata biyu na cocinmu, sai ga muryar ɗanta a lasifika:

"Shekarar da Baba ya tafi, akwati ya koma fanko,
Mamana ta juya zanin zumunta ta shiga kasuwa,
Don kar a gane shi kaɗai ya rage."

Kuma gaskiya ne, abin da ya fi ciwo ke nan. Babanmu Barnabas ya rasu a damina ta 1988, muna ƙauyen Iware, gona ba ta kai ga girbi ba. Mama ta yi ta fitar da zannuwanta ɗaya bayan ɗaya don mu ci, har ya rage sai ankon zumuntar mata, irin atamfar nan mai fuska ɗaya, da gicciye da rubutu a jiki. Ba a ɗaura shi sai ranar ibada. Sai ta riƙa juya shi ciki ya koma waje, ta je gona da kasuwa a haka. Mu uku kaɗai muka san wannan. Yanzu kuwa ita ce shugabar zumuntar mata a cocinmu na unguwar Turaki, ita ake kira a raba faɗan ma'aurata. Ta ce matan biyu ba su ce komai ba, sun dai sunkuyar da kai, kuma wannan ya fi mata zagi.

Da la'asar na tafi Nukkai a fusace. Ni malamar firamare ce, na saba a saurare ni. Jibrilla na hango ni ya miƙe.

"Adda Murna, sannu da zuwa. Wallahi ni ɗauka kawai na yi," ya ce, ya zame waje ya bar ni da mai laifin.

Na zazzage wa Tobiya duk abin da ke bakina. Da na gaji, na tambaye shi abin da ya daɗe yana damuna.

"Wai kai me ya sa komai naka wahala? Yunwa, rashin aiki, layin mai, mutuwa. Ba mu taɓa jin daɗi ba ne a gidan nan? Ba ka gama makaranta ba? Ba ga ni zan yi aure ba? Ka yi waƙar wannan mana."

"Na gwada, Yaya."

Ya jawo wani littafi ya buɗe mini. Ya fara waƙar bikina, layi huɗu, ya soke su duka. Na karanta, sai na ga ya kyauta da ya soke. Kamar tallan sabulu a rediyo.

"Daɗi yana da masu yi masa waƙa," ya ce. "Ranar Lahadi 'yan kwaya suna yi a coci. A biki makaɗa suna yi. Ranar aurenki mutum ɗari za su tashi su rera miki. Amma ranar da muka kwana da ruwan kanwa a ciki, wa ya rera? Abin yana nan a ƙirjina shekara tara, ba wanda ya taɓa ambatonsa a gida. Idan na faɗa a kan kiɗa sai in ji numfashina ya dawo. Kuma 'yan acaɓa ba don kiɗan suke ji ba. Kowa da zanin da aka juya a gidansu."

Na miƙa masa littafinsa, na ce, "Amma zanin ba naka ba ne."

Ya rufe littafin. A nan ya san na kama shi.

Kwana biyu ina kai kawo tsakaninsu. Mama ta ce ba ta hana shi waƙa ba, amma wanda ya kwance mata zani a kasuwa ba zai zauna kusa da ita a coci ranar aurena ba. Tobiya ya ce kaset ya riga ya fita, ba zai iya bin 'yan acaɓa yana karɓewa ba, kuma ba zai ce ƙarya ya yi ba. Taurin kansu iri ɗaya ne, kowa na ganin na ɗayan. Rannan sai ya gaya mini wani ɗan'uwan Jibrilla yana da wajen ɗaukar waƙa a Jos, kuma ranar Alhamis da safe zai bi mota. Alhamis, bikina kuma Asabar. Ƙane ɗaya gare ni, uba babu. Na yi kuka sosai a kan wannan, ba na jin kunyar faɗa.

Shekarar ce ta wahalar mai. Injin niƙan unguwarmu ya yi mako a rufe, na Nukkai ma haka, ga dawar tuwon biki buhu guda tana jiranmu. Ranar Laraba Mama ta sa aka mirgino dutsen niƙanta daga bayan ɗaki, wanda muka taho da shi daga Iware kuma ba a taɓa shi ba tun zuwanmu gari. Ta wanke shi ta shanya. Matan zumunta sun yi alkawarin zuwa taya mu ranar Alhamis da hantsi, amma ita gari na wayewa ta durƙusa ta fara.

Ina shara na ji. Da fari ƙarar dutsen ce kawai, gaba da baya, gaba da baya. Sai wata murya ta biyo ta ƙasa-ƙasa, da yarenmu na Mumuye. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na manta Mama tana wannan waƙar. A Iware kullum da ita take niƙa, kuma ba irin ta coci ba ce. Ba ta da amshi, ba ta da farko ko ƙarshe, magana ce kawai take jerawa a kan tafiyar dutsen. Tana tambayar Barnabas me ya sa ya tafi ya bar ta da ciyawa a gona. Tana faɗa wa bayanta ya yi haƙuri. Tana lissafa dangin da suka zo makoki suka ci suka tafi. Yau har ta ƙara sabo, wai ta haifi ɗa mai baki kamar lasifika.

Ban ji shigowar Tobiya ba. Takardun makarantarsa ya zo ɗauka, jakarsa a kafaɗa zai wuce tashar motar Jos. Na gan shi tsaye a bakin ƙofa, leɓensa na motsi, yana bin dutsen da kai yadda yake bin kiɗan Jibrilla.

Mama ta ɗago ta gan shi, waƙar ta yanke.

"Mama," ya ce, "a wajenki na koya."

"Ƙarya kake."

"Ina zaune a gefenki ina tara gari. Ban taɓa ji kin yi wa dutsen nan waƙar daɗi ba, ko sau ɗaya."

Ta share zufa da bayan hannu. Na zaci za ta kore shi, sai ta ce, "Mai daɗi yana rawa ne, ba ya niƙa. Amma ni dutse nake gaya wa. Dutse ba ya zuwa kasuwa."

"Mu ba mu da dutse, Mama. Inji ya cinye."

Ta dafa gwiwa ta miƙe ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar akwati. Ta fito da zanin. Ban san ta ajiye shi ba, don an canza anko sau biyu tun lokacin. Ta warware shi a kan igiyar shanya. Cikinsa ya koɗe ya yi fari-fari, ga tabon ƙasar gona da wanki bai fitar ba. Ta juya shi, sai ga fuskar da sauran kalarta, gicciyen da rubutun duk suna nan.

"Kwana shida wancan gefe, kwana ɗaya wannan," ta ce. "Kai ka faɗi shida ɗin. Ban ce ka yi ƙarya ba. Amma ka ce don kunya na juya, a nan ka yi kuskure. Kunya akwai. Amma na juya ne don kar rana ta cinye mini wannan gefe. Duk abin da ya same mu cikin mako, ina so ran Lahadi in tsaya gaban Allah da ku biyu kamar mutane. Wannan ba ka sani ba, don ba ka tambaye ni ba."

Tobiya ya sauke jakar a hankali. Idonsa ya cika.

"Ki yafe mini, Mama. Da na tambaya."

Ba ta ce ta yafe ba. Mamanmu ba ta iya faɗin irin wannan da baki. Ta koma ta durƙusa, ta watsa dawa a kan dutsen, ta kama niƙa.

"Layi uku kawai na ji a kasuwa," ta ce ba ta dube shi ba. "Faɗi sauran in ji. Ba da rediyo ba, da bakinka."

Ya durƙusa a gefenta inda yake zama yana yaro, ya jawo ƙwaryar tara gari. Ya saurari dutsen ya je ya dawo sau biyu, sannan ya shiga. Ya faɗi gonar, ya faɗi ruwan kanwa, ya faɗi akwatin. Ita kuma ba ta sassauta hannu ba, hawaye na sauka cikin zufarta. Can daga bakin titi muka ji hon ɗin ɗan acaɓan da ya kawo shi, an danna sau uku, aka gaji aka tafi.

Da ya zo layin zanin sai ya tsaya.

"Ci gaba," in ji Mama. "Inda ka yi kuskure zan gyara maka."